Filin Tambaya da Amsa: Kari, Dabul da Sauran Rigingimun Ƙwallon Raga

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk kan ƙwallon raga ne, da alama tunda aka kwashe amfanin gona filaye suka buɗe samari sun kafa turaku ko'ina, daga la'asar har kiran magariba ana ta dukan ƙwallo ana ta musu. Na zaɓo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa, wasu kuma na haɗe su wuri ɗaya don tambayar iri ɗaya ce.

TAMBAYA: Salam Koci. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun. Hedimasta ya ɗora min kula da wasanni don kawai ni ne ƙarami a cikin malamai, kuma an kawo mana raga da ƙwallo biyu. Matsalar ita ce akwai yaran da suke zuwa hutu daga Dutse, su ne suke ta ihun sabis, seta, sifayik, bulok, ni kuma ga usur a bakina amma ban san me suke faɗa ba. Dan Allah ka fitar da ni kunya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka. Kar abin ya dame ka, yawancin masu ihun nan su ma rabin abin suka sani. Kalmomin da ka lissafa a jere suke zuwa cikin wasa, in ka kama jerin shikenan.

Sabis shi ne bugun da ake buɗe wasa da shi. Mai bugawa zai tsaya bayan layin ƙarshe, duk inda ya ga dama a faɗin mita 9 ɗin nan, ya cilla ƙwallon sama ko ya sake ta sannan ya doke ta da hannu ɗaya ta tsallake raga. Kai mai usur abu uku za ka sa wa ido: kar ya buga kafin ka busa, in ya yi haka a sake, bayan ka busa daƙiƙa 8 kacal yake da ita, sannan kar ƙafarsa ta taka layi a lokacin da ya doki ƙwallon. 'Yan firamare ka fara musu da sabis na ƙasa, wato a riƙe ƙwallon daidai ƙugu a dako ta daga ƙasa, kar ka bari su ce sai na tsalle irin na talabijin, za ku wuni kuna tsinto ƙwallo a cikin kara ba a buga wasa ba. Akwai wanda ake ce wa fulot, ana dukan tsakiyar ƙwallon da tafin hannu a tsaye cak yadda ba za ta juya ba, sai ka ga tana tafe tana layi a iska, ga iskar hunturu kuma ta ƙara mata, mai tarewa ya rasa inda za ta sauka. In sabis ya faɗi ƙasa kai tsaye ko aka taɓa amma aka kasa dawo da shi, shi ne za ka ji an ce es.

Ɗaya ɓangaren kuma taɓawa uku suke da ita kafin su mayar da ƙwallo. Ta farko ita ce risib, wasu su ce fas. Ana haɗe hannu biyu a miƙe, ƙwallon ta sauka a kan dantsen ƙasa, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ba a kan dunƙulen yatsu ba, kuma da miƙe gwiwoyin ƙafa ake ɗagawa ba da wurga hannu ba. Wannan ita ce yara suka fi rainawa kuma wallahi ita ce ke cin wasa a ƙauye, ƙungiyar da ta iya risib ko ba ta da dogo ko ɗaya za ta wahalar da kowa.

Ta biyu ta seta ce. Shi ne yake tsayawa kusa da raga ya karɓi ƙwallon da yatsu goma a saman goshinsa ya ɗaga wa mai duka. Ka taɓa ganin mai jefa wa magini curin ƙasa yana kan katanga? In ya jefa gaba ko baya magini ba zai cafe ba, sai daidai hannunsa. To aikin seta kenan, kuma shi yake zaɓar wa zai ba, na hagu ko na tsakiya ko na bayansa, shi ya sa ba ƙarfi ake nema a wajensa ba, nutsuwa ake nema da saurin ido. In za ka zaɓa a cikin yaranka, kar ka ɗauki mai yawan surutu.

Ta uku ita ce sifayik, a wasu wuraren simash suke cewa, duk abu ɗaya ne: a taho da gudu taku biyu ko uku a yi tsalle a maka ƙwallon ƙasa cikin filin abokan hamayya da buɗaɗɗen hannu. In ya yi kamar zai maka sai ya ɗan tura ta a hankali da kan yatsu ta faɗa bayan masu tarewa, wannan tif ne, kuma halal ne matuƙar bai riƙe ta ba. Masu tsalle a bakin raga su ɗaga hannu su tare dukan su ne bulok, mutum ɗaya ko biyu ko uku, amma 'yan layin gaba kaɗai. Ka riƙe wannan da kyau don za a yi maka musu a kai: taɓawar bulok ba ta cikin lissafin ukun nan, in ƙwallo ta taɓa hannun masu bulok ta faɗo ɓangarensu har yanzu suna da uku cif, kuma wanda ya yi bulok ɗin ma zai iya sake taɓawa nan take. Amma sabis ba a yi masa bulok, duk wanda ya yi tsalle ya tare sabis a saman raga ka busa masa. Wanda kuma ya zube ƙasa ya tono dukan da ya wuce bulok, dig ya yi.

TAMBAYA: Koci barka da aiki. Mun je wasan sada zumunci maƙwabtanmu a nan yankin Gaya, wasa bai ƙare ba aka tashi baram-baram. Abu uku ne ya jawo. Ɗan wasanmu ya tare ƙwallo da ƙafa suka ce fawul. Seta ɗinsu yana riƙe ƙwallo kamar zai tafi da ita gida mun ce kari sun ce ba su san zance ba. Sannan ƙwallon ƙarshe a kan layi ta faɗi suka ce awut. Wa ke da gaskiya tsakani da Allah?

AMSA: Ƙanina, ta ƙafa gaskiyarku ce. Dokar yanzu ta yarda ƙwallo ta taɓa ko'ina a jiki, kai, ƙirji, cinya, ƙafa, duk ɗaya. Su ma masu cewa fawul ba daga sama suka samo ba, a da can haka dokar take, in ta taɓa ƙasa da ƙugu laifi ne, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe, to wanda ya koya a hannun tsohon ɗan wasa zai iya rantse maka da abin da aka daina tun kafin a haife shi. Sabis ne kaɗai ba a yi da ƙafa. Amma fa kar ku mayar da shi tamaula, ƙafa ta ceto ce in hannu ba zai kai ba.

Ta layi ma gaskiyarku ce in dai a kan layin ta sauka. Layi cikin fili yake, ko gefen ƙwallon ne ya shafi layin ta shiga. Inda ake samun matsala a wajenmu layin toka ne ko an ja shi da sanda, kafin a gama set ɗaya, wato zagaye ɗaya na wasa, ƙafa ta share shi, kowa sai ya nuna inda ya yi masa daɗi. Ku riƙa sabunta layi duk ƙarshen set, ku kuma tsayar da mutum biyu a kusurwa biyu masu kallon juna, ɗaya naku ɗaya nasu, su ne layinsman.

Kari ita ce mai wuyar, kuma ita ce ta fi raba zumunci a filayen ƙauye. Abin da doka ta hana shi ne a cafe ƙwallo ko a jefa ta. Dole ta zama duka ce, ta taɓa ta tashi. In ta sauka a hannun seta ta ɗan kwanta, ya sauko da ita har ƙirji sannan ya tura, ko ya juya da ita daga gaba zuwa gefe tana hannunsa, ko mutum ya sa tafin hannu biyu a buɗe daga ƙasa ya kwaso ta sama, wannan kari ne ko a gaban wa. Amma ba duk ɗagawar seta mai laushi ce kari ba, kuma ba a yanke hukunci da ƙara, wai don ba a ji tas ba. Ido ne ke yankewa, ta tsaya ko ba ta tsaya ba.

Tunda mun zo nan bari in haɗa da ƙanwarta dabul, don mutum biyu sun tambaya daga Ringim. Dabul shi ne mutum ɗaya ya taɓa sau biyu a jere, ko ƙwallon ta taɓa hannun dama sannan na hagu ba lokaci ɗaya ba. Sai dai a taɓawar farko ta ƙungiya akwai sassauci, in sabis mai zafi ya daki dantsenka ya haura ya taɓa ƙirjinka duk a motsi ɗaya, ba laifi, a ci gaba da wasa. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai ka ji fili ya ɗauka dabul dabul, alhali babu komai. A taɓawa ta biyu ne rafali yake tsanantawa. Ni a ganina in yara ne ko masu koyo, rafali ya ɗan sassauta hannu a kan dabul, in ba haka ba babu wanda zai yarda ya zama seta, amma kari kar a ɗaga wa kowa ƙafa don in hannu ya saba da ita ba ta fita.

Sauran laifukan bakin raga biyu: net, wato taɓa raga tsakanin siraran sanduna biyun da ake ɗaurawa a gefunanta lokacin da kake ƙoƙarin buga ƙwallo, ko tsalle ko duka ko sauka. In ƙwallo ce ta turo ragar ta taɓa ka ba laifinka ba ne. Sai tsallake layin tsakiya, in ƙafarka ta taka ɓangarensu amma wani sashe nata yana kan layin ba komai, in ta wuce gaba ɗaya an busa.

Kuma ku koya wa rafalinku magana da hannu, tana rage surutu sosai. Yatsu biyu a sama dabul, yatsu huɗu an taɓa sau huɗu, ɗaga tafin hannu a hankali yana kallon sama kari, nuna ƙasa da hannu ta shiga, ɗaga dantse biyu tafin hannu na kallon fuskarsa awut, shafa kan yatsun hannu ɗaya da ɗayan yana nufin ta taɓa mutum kafin ta fita, manyan yatsu biyu a sama a sake bugawa. A doka kyaftin ne kaɗai yake da bakin yi wa rafali magana, ba duk wanda ya ji haushi ba, balle 'yan kallo. Ku koma ku ƙarasa wasanku, amma wannan karon ku nemo mai busa daga gari na uku.

TAMBAYA: Baba Koci ina wuni. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a makarantar kwana ta 'yan mata, daga wajen Gumel nake. Ina son wasan nan sosai amma gajeruwa ce ni, ƙawayena suna min dariya wai ko saman raga ba na gani. Kuma na ga a waya akwai wata da take sa jesi daban da na sauran, ita ce kyaftin?

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi albarka. Ba launin kyaftin ba ne wannan, kyaftin ɗan layi ake sa masa a ƙarƙashin lambar ƙirji. Wadda kika gani libero ce, kuma tambayarki ta biyu ita ta amsa ta farko, don gurbin nan kamar saboda irinku aka ƙirƙiro shi. A 1998 hukumar ƙwallon raga ta duniya FIVB ta shigo da shi, lokacin dogaye masu duka sun fi ƙarfin masu tarewa, ƙwallo ba ta daɗewa a sama, sai aka ce a ba kowace ƙungiya gwani ɗaya na tsaron baya. Kalmar ta Italiyanci ce, mai 'yanci, saboda tana shiga ta fita a madadin duk wata 'yar layin baya ba tare da an lissafa cikin canji 6 da ake ba ƙungiya a kowane set ba, ba ta ma jiran usur na musamman, sai dai dole a buga aƙalla maki ɗaya tsakanin fitarta da sake shigarta. Jesin daban don rafali ya gane ta da sauri ne, saboda akwai abubuwan da aka hana ta. Ba ta bulok, ko yunƙuri ba ta yi. Ba ta dukan ƙwallon da take sama da tsayin raga gaba ɗaya ta tura wa abokan hamayya. A dokar FIVB ba ta sabis, in kin ga bidiyon da libero ke sabis to galibi na makarantun Amurka ne, su tasu dokar ta ɗan bambanta. Sannan in ta shigo gaban layin mita 3, wato layin da ke mita 3 daga raga, ta ɗaga ƙwallo da yatsu, ba a yarda wata ta maka wannan ƙwallon daga saman raga ba, sai dai ta ɗaga da dantse.

Abin da za ki dage a kai shi ne risib, ki samu bango ki riƙa dukan ƙwallo tana dawowa kina tarewa, gwiwa a lanƙwashe, ido a kan kafaɗar mai duka ba a kan ƙwallon kaɗai ba, don kafaɗa ce ke fara nuna inda za a maka. Ragar mata mita 2.24 ce, ta maza 2.43, in da ta maza ake ɗaura muku ku faɗa wa malamarku a sauke. Maganar sutura kuma, in gida za su yi ƙorafi, ana wasan nan da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi, 'yar Masar Doaa Elghobashy da hijabinta ta buga na bakin teku a gasar Olamfik ta Rio a 2016, duniya na kallo.

TAMBAYA: Malam mai fili, ni dattijo ne daga Rano, na buga wasan nan a kwalejin horon malamai a shekarun 1980. Mu a zamaninmu 15 ake ci, kuma sai kana da sabis kake samun maki. Yanzu na tsaya kallon jikokina na ji ana ƙirga 23, 24, kowa ya ci ƙwallo an ba shi maki, sabis ya taɓa raga an ce a ci gaba. Yaran ne suka ɓata wasan ko mu aka bari a baya?

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, yaran ba su ɓata komai ba, doka ce ta canza bayan kun ajiye. Yadda ka faɗa haka yake a da, in ba ku ke da sabis ba kuka ci ƙwallo sai dai a ce sabis oba, sabis ya dawo hannunku amma allo bai motsa ba. Matsalar tsarin shi ne ba wanda ya san yaushe za a tashi, ƙungiya biyu masu ƙarfi ɗaya za su iya yin ta karɓe-karɓen sabis maki na tsaye wuri ɗaya, masu talabijin kuma ba sa son abin da ba su san ƙarshensa ba. Shi ne a 1998 aka amince da sabon tsari, ya fara aiki sosai a 1999: duk ƙwallon da ta mutu wani ya samu maki, ko shi ya yi sabis ko ba shi ba. Set ya koma 25, amma sai da tazarar maki 2. In aka yi 24 da 24, abin da yara ke ce wa dus, za a ci gaba har 26 da 24, ko 30 da 28, babu iyaka. Wanda ya fara cin set 3 cikin 5 ya ci wasa, in aka yi biyu da biyu set na biyar 15 ne kamar naku na da, kuma ana canza gefe in wani ya kai 8. Sabis mai taɓa raga ya wuce shi ma daga wajen shekarar 2000 aka halatta shi.

In ka tambaye ni Baba, akwai abin da aka rasa. A tsarinku ƙungiya za ta iya kasancewa a baya da nisa ta dawo a hankali tunda kuskure a lokacin sabis ɗinka ba ya ba abokin hamayya maki, yanzu kuwa ka zubar da sabis a raga ka ba da maki kyauta, in aka ba ka tazarar 6 ko 7 a ƙarshen set da wuya ka kamo. Amma ga mu da muke farawa bayan la'asar magariba na jiranmu, sabon ya fi mana, har ma ina ba da shawarar a yi set 3 wanda ya ci 2 ya tafi da shi. Taim awut, ɗan hutun da ƙungiya ke nema ana cikin wasa, yana nan, biyu a kowane set, daƙiƙa 30 kowanne. Kuma dan Allah tunda ka san wasa ka riƙa zuwa kana busa musu, irinku suke rasawa.

TAMBAYA: Koci muna da wani dogo a tim ɗinmu a nan wajen Ɗambatta, shi ne mai ƙwallon kuma, ya ce shi ba ya barin gaban raga, wai roteshin na 'yan makaranta ne. Mene ne gaskiyar roteshin?

AMSA: Ɗan'uwa, ka ce da shi roteshin dole ne, ba ra'ayin koci ba ne. Mutum 6 ne a kowane gefe, uku gaba uku baya, kuma kowane gurbi da lambarsa: 1 baya ta dama inda mai sabis yake, 2 gaba ta dama, 3 gaba tsakiya, 4 gaba ta hagu, 5 baya ta hagu, 6 baya tsakiya. Duk lokacin da kuka ƙwace sabis daga hannun abokan hamayya kowa zai matsa gurbi ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya, na 2 ya koma 1 ya yi sabis, na 1 ya koma 6, haka har a zagayo. In ku ke da sabis kuka ci maki ba a juyawa, mai bugawa ya ci gaba. In wanda ba layinsa ba ya yi sabis an ba waɗancan maki da sabis, rafali zai juya ɗan yatsa a iska.

Abin da ya ruɗa dogonku na san shi. Yana gani a talabijin mutum ɗaya kullum ta hagu yake duka, seta kullum yana kusa da raga, sai ya ɗauka ba sa juyawa. Suna juyawa, dabara ce kawai. Masu karɓar sabis dole kowa ya tsaya a gurbinsa har sai an doki ƙwallon, da an doka sai kowa ya ruga inda ya fi ƙwarewa, na gaba su yi musanya tsakaninsu, na baya ma haka. Amma wanda juyi ya kai shi baya yana nan a ɗan baya ko da ya tsaya a bakin raga, ba zai yi bulok ba, kuma ba zai maka ƙwallo daga saman raga ba sai in ya yi tsallensa daga bayan layin mita 3, in ya tashi daga baya ya sauka a gaba babu laifi. To ga abin da za ka lallashe shi da shi, ya koyi dukan baya, manyan 'yan wasan Brazil da Poland da Italiya da shi suke cin maki, kuma masu bulok sun fi shan wahalar gano shi. In ya ƙi, ku yi karo-karo ku sayi ƙwallonku.

TAMBAYA: Wai su wa suka ƙirƙiro wasan nan, kuma shi ne ƙwallon hannu? Daga wani mai shago a Kafin Hausa.

AMSA: A'a Alhaji, ƙwallon hannu daban, shi gola gare shi da mutum 7 kowane gefe, ana cafewa a jefa. Ƙwallon raga wani malamin motsa jiki ne William G. Morgan ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts a Amurka, yana nema wa magidanta wasan da babu ture-ture kamar ƙwallon kwando, da farko ma Mintonette ya sa masa. Dukan sifayik a ƙasar Filifin aka fara shi wajen 1916, dokar taɓawa uku ta zo a 1920, aka kafa FIVB a Faris a 1947, wasan ya shiga Olamfik a Tokyo a 1964. A nan gida kuma Kano Pillars suna da ƙungiyar ƙwallon raga, haka Kwastam da Sibil Difens.

TAMBAYA: Mun samu fili a bayan gari wajen Birnin Kudu, mai unguwa ya ba mu izini. Yaya za mu auna, kuma ƙwallon ƙafa za ta yi mana kafin mu samu kuɗi?

AMSA: Ku ari tef a wajen magini ko tela. Tsawo mita 18, faɗi mita 9, layin tsakiya ya raba shi 9 da 9, sannan daga tsakiya ku auna mita 3 kowane gefe ku ja layin da na yi ta ambata a sama. Don kar filin ya karkace ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ya kamata ku samu mita 20 da santimita 12, ɗaya ɓangaren ma haka, in ba su zo ɗaya ba ku gyara. Ku bar aƙalla mita 3 babu komai a kewaye, ba kututture ba rami, don ana bin ƙwallo har wajen layi a dawo da ita. Turaku ku kafa su rabin mita zuwa mita ɗaya a wajen layin gefe, itacen turare miƙaƙƙe ya isa, ku binne shi sosai, kuma tsayin raga a tsakiya ake aunawa don nan take lotsawa. Sandunan nan biyu da ake ɗaurawa a raga daidai saman layin gefe, antena, suna fita santimita 80 sama da raga, ƙwallo dole ta bi tsakaninsu, in ta taɓa ɗaya awut ce. Siririn gora ko tsumagiya mai ƙwari za ta yi muku.

Ƙwallon ƙafa kuwa a'a, ban yarda ba. Tata nauyin gram 410 zuwa 450 ne, ta raga 260 zuwa 280, kun ga ta fi ta nauyi sosai, yatsun seta ne za su fara gocewa kuma yara za su tsani risib saboda zafin dantse. Gara ku haɗa ɗari bibbiyu ku sayi ta gaske ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce. In kun kai wa mai faci ku tsaya a kansa, iskarta kaɗan ce, wajen 4 da rabi a gejinsa, in kuka bar shi zai ɗura mata kamar tayar babur ɗinki ya buɗe. Kafin ku fara kuma ku sa yara su bi filin da tsintsiya da manjagara su tsince ƙaya da tsaidau da guntayen kututturen dawa, har wajen layin ma, don can ƙwallon ta fi faɗawa.

Masu tambaya kan katin gargaɗi da na kora, da wanda ya tambayi ƙwallon raga ta zaune ta masu buƙata ta musamman, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.